Shekarar da rabon riba bai zo Tawa ba

Kawuna ɗan kasuwar albasa ne a Tawa. Idan albasa ta fito yakan saya a Galmi da Madawa da fadamun da ke kewaye, ya zuba wani kaso a rudu ya jira tsada, sauran ya yi lodin kamyo zuwa Abijan. Bai yi boko ba, amma ban taɓa jin an cuce shi a lissafi ba. A 2016 ya sayi hannun jari a wani banki mai cibiya a Yamai, wanda ba zan faɗi sunansa ba. A lokacin hukumomin kuɗi na yankin UMOA, wato ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, sun ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga miliyar 5 zuwa miliyar 10 na sefa, wa'adi kuma 1 ga Yuli 2017, sai shugaban reshen Tawa ya riƙa bin manyan masu ajiya gida-gida yana yi musu tallar hannun jari. Kawu ya zuba kuɗin da ya yi niyyar sayen fili da su.

Daga 2017 zuwa 2023 rabon riba bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Da an yi babban taron masu hannun jari a Yamai wajen tsakiyar shekara, ba a jimawa kuɗi su faɗo asusunsa. Ya saba da su har ya yanka musu aiki: da su yake ba manoman da ke kawo masa albasa kuɗin taki da na man injin ban ruwa kafin a fara dashe. A 2024 sai takarda ta zo a madadin kuɗi, da Faransanci, shafi guda. Yaron shagonsa ya karanta masa cewa bankin ya ci riba a 2023, ko da yake ba ta kai ta 2022 ba, amma taro ya yanke shawarar a bar ta dukanta a cikin banki. Da dare ya kira ni.

"Ɗana, an ce an ci riba, an kuma ce ba a rabawa. Wane irin ciniki ne wannan? Ka zo ka duba mini takardun nan."

Ni aikin lissafi nake yi a wani kamfanin shigo da kaya a Yamai, don haka karatun irin waɗannan takardu shi ne abincina. Ran Juma'a na hau mota ta Doso da Dogondutsi da Ƙonni. Washegari bayan azahar muka zauna a zaurensa, ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin katifa, ya zazzage mini rahotannin shekara guda takwas, daga na 2016 zuwa na 2023. Takarda mai ƙyalli, hotunan manya sanye da kwat, duk sun ɗauki warin albasa. Biyu daga ciki ko buɗe su ba a taɓa yi ba. Amma a bangon kowanne, a kusurwar sama, Kawu ya rubuta da ajami adadin kuɗin da ya shigo masa daga ribar wannan shekara. Bangon na 2023 ne kawai babu komi.

Tambayoyinsa biyu ne. Na farko, an ci amanarsa ne? Na biyu, ya ji ƙishin-ƙishin za a sake neman masu hannun jari su ƙaro kuɗi. Ya ƙara, ya tsaya yadda yake, ko ya sayar ya huta?

Kuɗin da ke gishe ba na banki ba ne

Hujjarsa ta farko ita ce abin da idonsa ya gani. Ya ce shekaranjiya ya shiga reshen, ya ga ana ƙirga kuɗi bandir-bandir a bayan gilashi, ta yaya za a ce masa babu abin rabawa? Na ce, "Kawu, waɗannan kuɗin naku ne, ku da sauran masu ajiya. Banki riƙo yake yi." A nan ne lissafin banki ya rabu da na kowane kamfani. A wurin da nake aiki, in ana son a san ko za a iya raba riba, ana duba kuɗin da ciniki ya shigo da su, a cire na sayen mota da gyaran sito, abin da ya rage shi ne na rabo. A banki wannan hanya ba ta fitar da gaskiya, domin kuɗin da ke shiga da fita yawancinsu ajiya ce da bashi. Yau wani ɗan kwangila ya zuba miliyan 500, akwati ya cika. Gobe ya kwashe abinsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Bankin da ya ga akwati cike ya raba riba a kan haka, kuɗin mutane ya raba.

Abin da ake aunawa shi ne jarin banki na kansa, wato abin da masu hannun jari suka zuba da ribar da aka tara ba a raba ba. Shi ne yake shan asara kafin ta taɓa mai ajiya. Doka kuma ba ta bar wannan ga son ran majalisar gudanarwa ba. Bayan an biya harajin riba, wanda a Nijar kashi 30 ne cikin 100, dokar banki ta UMOA ta ce a ware kashi 15 cikin 100 na ribar da ta rage a saka a ajiya ta musamman, kowace shekara. Dokar kamfanoni ta OHADA, wadda Nijar da wasu ƙasashen Afirka suke bi tare, ta ce ba a raba komi sai bayan taro ya amince da lissafin shekara ya tabbatar akwai ribar da ta halatta a raba, raba ribar ƙarya kuma laifi ne da ake gurfanar da shugabanni a kansa. In an yanke rabo, a biya cikin wata 9 bayan rufe shekara. Waɗannan duk Kawu ya gyaɗa kai, don sun yi kama da tsarin kowace haɗaka ta ƴan kasuwa.

Inda muka daɗe shi ne ma'aunin ƙarfin jari. Tun 1 ga Janairu 2018 BCEAO, babban bankin yankin, ta shigo da sabon tsari da aka ɗauko daga ƙa'idojin Basel, wato ƙa'idojin ƙarfin jarin banki na duniya. Kafin nan ana buƙatar jarin banki ya kai kashi 8 cikin 100 na bashin da ya bayar, bayan an auna kowane bashi da nauyin haɗarinsa. Sabon tsarin ya riƙa ɗaga wannan layi shekara-shekara har ya kai kashi 11 da rabi: 9 na tilas, 2 da rabi kuma na kariya. Bankin da ya fara cin wannan 2 da rabi, doka ta taƙaita masa abin da zai raba. Hukumar sa ido kan bankuna ta UMOA da ke Abijan ce take bin sawun wannan. Ma'anarsa a taƙaice: duk sabon bashi na sefa 100 mai cikakken nauyi da banki ya bayar, sai ya kasance yana da sefa 11 da rabi nasa na kansa a bayansa. Banki ba ya girma kyauta.

Na ɗauki takarda na yi masa lissafi na misali, da alƙaluma masu sauƙin riƙewa, ba na bankinsa ba. A ce banki yana da bashi a waje na miliyar 200 bayan auna haɗari, jarinsa kuma miliyar 26. Ma'auninsa kashi 13 ke nan, yana sama da layi. Ya ci ribar miliyar 5, ya raba miliyar 3 da rabi, ya riƙe 1 da rabi. Duk wanda ya kalli wannan zai ce lafiya lau, riba ta rufe rabo har da saura, an ma wuce kashi 15 da doka ta ce a ware. To amma bankin yana ƙara bashin da yake bayarwa da kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Bayan shekara guda bashi ya zama 220, jari 27 da rabi, ma'auni ya sauko 12 da rabi. Shekara ta biyu bashi 242, jari 29, ma'auni bai cika 12 ba. Shekara ta uku bashi ya haura 266, jari 30 da rabi, ma'auni ya faɗa ƙasa da 11 da rabi. Ba a yi asara ko sau ɗaya ba, ba a saci ko dala ba, rabo yana zuwa a kan kari, amma ga banki a ƙarƙashin layi. Da yana son ya tsaya a kan 13 ɗinsa tun shekarar farko, miliyar 2 da miliyan 600 ya kamata ya riƙe, ya raba 2 da miliyan 400 kawai.

Kawu ya ce ai in bashi ya ƙaru riba ma ƙaruwa za ta yi. Gaskiyarsa. Sai dai na nuna masa rubutunsa na ajami a bangon rahotannin: duk shekarar da riba ta ƙaru, abin da ya shigo masa ma ya ƙaru. Rabon yana bin riba ƙafa da ƙafa, don haka ramin bai cike ba.

Sai maganar gini da kayan aiki, wadda mutane da yawa ba sa haɗa ta da rabon riba sam. Idan banki ya gina bene na miliyar 4, kuɗin suna fita ne a cikin shekara ɗaya ko biyu, amma a lissafin riba ana yanka su ƙanana-ƙanana a kan shekaru masu yawa a matsayin tsufan kadara. Riba sai ta fito da kyau a takarda alhali kuɗin sun riga sun zama siminti da ƙarfe, ba sa kawo ruwa, ba a iya ba mai ajiya su ranar da ya zo. Saboda haka ne tsarin ya sa iyaka: jimillar gine-gine da kayan aiki da hannun jarin da banki ya saya a wasu kamfanoni kada su wuce jarinsa. Manhajar kwamfuta ma ta fi gini nauyi a wannan fanni. Ita kadara ce da ba a taɓa ta da hannu, in banki ya rushe ba mai sayenta, don haka cire darajarta ake yi kai tsaye daga jari kafin a auna. A misalinmu, manhajar miliyar 1 za ta mai da 27 da rabi ta koma 26 da rabi nan take. Rabo da gini da ƙarin bashi, daga tukunya ɗaya suke ci.

Abin da rahotanni takwas suka nuna

Na jera su a kan tabarma bisa shekaru, na buɗe kowanne a shafi iri ɗaya. Rahoto guda ba ya gaya maka komi. Kowanne a karan kansa labari ne mai daɗi. Sai an jera su ake ganin inda ruwa ke gangarawa.

Abin da ya fara fitowa shi ne daga 2017 zuwa 2022 babu shekarar da bankin bai raba fiye da rabin ribarsa ba. A cikin waɗannan shekarun bashin da yake bayarwa ya fi jarinsa saurin girma. Ma'auninsa yana saukowa a hankali, layin doka kuma yana hawowa ya tarye shi. Tazarar da take da faɗi a 2017 ta koma siririya a ƙarshen 2022. A shekarun nan ne kuma aka ƙara rassa, aka sauya manhajar banki gaba ɗaya, aka yi babban aikin gini a cibiya.

A nan ina da ra'ayi, kuma na faɗa wa Kawu shi. Kuɗin manhaja da na'urar cire kuɗi da faifan hasken rana a rassan karkara ban ga laifinsu ba. Aderawa mutanen cin rani ne, kuɗinsu daga Abijan da Libiya da Najeriya suke zuwa, kuma kamfanonin tura kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza da kuɗin wayar salula sun riga sun kwashe wannan hidima, suna biya cikin mintuna a kowane lungu. Bankin da ya ƙi kashe kuɗi a nan don ya faranta wa masu hannun jari, mutuwar tsaye zai yi. Wanda ya tsaya mini a rai shi ne benen cibiya. Ana iya jinkirta shi, ana iya rage shi, kuma an yi shi ne daidai lokacin da kowa a harkar ya san layin doka yana hawa, don jadawalin hawansa a rubuce yake tun kafin 2018.

Abu na biyu ya fi ɓoyuwa, shi ne ingancin ribar kanta. Na tambaye shi, in ya zuba buhu 100 a rudu a watan Afrilu, nawa yake lissafin zai fitar a Agusta? Ya ce wanda ya lissafa 100 bai san albasa ba; akwai ruɓa, akwai ramewa, tun ranar zubawa yake cire su a ransa. To banki ma haka doka ta ce ya yi. Bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba ana fitar da shi daga sahun masu lafiya (ga gwamnati da ƙananan kamfanoni an ba da kwana 180), a fara ware masa tanadin asara daga cikin riba. Duk sefa da aka ware, riba ta ragu da shi. Ke nan shugabannin da ke son riba ta fito da ƙiba suna da hanya mai sauƙi: su yi jinkirin amsa cewa bashi ya ruɓe, su sake masa wa'adi, su ware kaɗan. A rahotannin Kawu bashin da ke da matsala yana ƙaruwa, tanadin da aka ware masa kuma yana biye a baya, bai kamo shi ba. Shekarar 2020 ta ƙara rufe abin, domin saboda annobar korona BCEAO ta ba da izinin ɗage wa kamfanoni biyan bashi na wata 3, ana iya sabuntawa sau ɗaya, ba tare da an lissafa su cikin masu matsala ba. Matakin ya taimaki mutane ƙwarai, amma ribar wannan shekara ba a karanta ta kamar ta sauran.

Akwai kuma taruwar bashi a hannun mutane kaɗan. Kasuwarmu ƙarama ce, manyan masu karɓar bashi ƴan ƙalilan ne: masu shigo da shinkafa da mai, ƴan kwangilar hanya, kamfanonin gwamnati. Sabon tsarin ya rage abin da mutum ɗaya ko rukuni ɗaya zai iya karɓa daga kashi 75 na jari zuwa kashi 25. Ko a haka, a bankin misalinmu mai miliyar 26, mutum guda zai iya riƙe sama da miliyar 6. In ya faɗi, ribar shekara guda da ɗoriya ta tafi.

Na uku shi ne takardun bashin gwamnati. Waɗannan a tsarin awo ba su da nauyin haɗari ko kaɗan in da sefa aka ba ƙasar yankin, wato ba sa cin jari. Kuma ana iya jinginar da su a BCEAO a karɓo kuɗi. Daga Yuni 2020 kuɗin ruwan babban bankin ya sauka zuwa kashi 2, don haka ciniki ne mai daɗi: ka karɓo da araha, ka ba gwamnati da tsada, ka ci tsakani. Bankin Kawu ya shiga wannan sosai, kamar takwarorinsa da yawa, kuma wani babban kaso na ribar da aka riƙa rabawa daga nan yake. Daga Yuni 2022 BCEAO ta fara ɗaga kuɗin ruwa, har ya kai kashi 3 da rabi a Disamba 2023. Tsakanin ya fara matsewa tun kafin babbar girgiza ta zo.

Ita kuwa girgizar kowa ya san ta. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, ranar 30 ga wata ƙungiyoyin ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO da UEMOA, suka ƙaƙaba takunkumi. Aka rufe iyakar Benin da ta Najeriya, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka daskarar da kuɗin gwamnati da ke babban banki, aka dakatar da hulɗar kuɗi da sauran ƙasashen. Kawu bai buƙaci in ba shi wannan labari ba. A watan Agusta, lokacin da albasar rudu ke tsada kuma yake da direbobi da ƴan dako da zai sallama, ya riƙa zuwa reshen tun bayan asuba ya zauna a kan benci a ƙarƙashin bedi. Mai gadi yana raba ƴan guntayen kwali masu lamba. In layi ya zo kansa a ba shi abin da aka ƙayyade na ranar, wanda bai isa sallamar kamyo ɗaya ba, a ce ya dawo gobe. Kuɗinsa ne, suna nan a rubuce, amma hannu ba ya kai musu.

A cikin littafin banki abin da ya faru ke nan. Gwamnati ta kasa biyan bashinta na kasuwar yanki tsawon watannin takunkumi, abin da ya taru ya haura miliyar 300 kafin a ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024. Sai a watan Afrilu ta koma kasuwar. Takardun da aka ce ba su da haɗari sun daina kawo komi na ɗan lokaci. Ƴan kwangilar da gwamnati ba ta biya ba suka kasa biyan banki. Masu kaya a tashar Kwatano kayansu suka maƙale, waɗanda suka juya ta Lome da Burkina suka biya tsada da jinkiri. Rassa suka koma kan gurup, wato injin ba da wuta, man gas yana ci dare da rana. Saboda haka ribar 2023 da aka rubuta wa Kawu, wani sashe nata ruwa ne da aka lissafa amma bai shigo hannu ba a ranar rufe shekara, tanadin asarar da ke jira kuma ya fi wanda aka riga aka ware. Masu binciken lissafi sun yi ishara da haka a shafukan ƙarshe, cikin ƙananan haruffa, inda ba kowa ke kaiwa ba.

Ana cikin haka, a Disamba 2023, majalisar ministocin UMOA ta ninka mafi ƙarancin jarin banki daga miliyar 10 zuwa miliyar 20, daga 1 ga Janairu 2024, aka ba bankunan da ke aiki shekara 3 su cika. Hanyoyin cikawa sanannu ne: a nemi sabon kuɗi daga masu hannun jari, a shigo da sabon abokin tarayya, ko a mai da ribar da aka tara ta zama jari. Ga asalin ƙishin-ƙishin da Kawu ya ji.

Amsar da na ba shi

A kan tambaya ta farko na ce masa ban ga cin amana a shawarar 2024 ba. Da ni ne a majalisar gudanarwa, da hannu biyu zan sa a hana rabo. Bankin da masu ajiyarsa suka kwana a layi watanni kaɗan da suka wuce, tazararsa da layin doka siririya, ga sabon wa'adin jari a gabansa, in ya fitar da kuɗi ya raba to ya zalunci masu ajiya. Kawu kansa mai ajiya ne kafin ya zama mai hannun jari, kuma abin da yake da shi a asusun kasuwanci a lokacin lodin albasa ya ninka darajar hannun jarinsa. Asusun lamunin ajiya na UMOA miliyan 1 da jika 400 kawai yake lamunce wa mutum guda a banki. Ga ƙaramin ma'aikaci wannan kariya ce ta gaske. Ga mai lodin kamyo, abin da ke tsare kuɗinsa shi ne ƙarfin jarin bankin.

Laifin da na gani yana shekarun daɗi ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da an riƙe ƙarin kaso kaɗan kowace shekara daga 2018, an dakata da benen, da 2024 ta samu bankin da tazarar da zai iya raba ko da rabin abin da ya saba. Mu ma masu karɓa muna da namu kason, don ba a taɓa jin ƙaramin mai hannun jari ya miƙe a taro ya ce rabon ya yi yawa ba. Abin da ya fi ɓata mini rai kuwa shi ne takardar nan mai shafi guda. Mutumin da aka bi har zaurensa da Hausa aka karɓi kuɗin filinsa, ranar da labari ya ɓaci sai a aiko masa da Faransanci, babu wanda ya taka ya zo ya zauna ya yi masa bayanin da na yi masa cikin yini ɗaya. Wannan ba daidai ba ne, kuma yana kashe yarda fiye da rashin rabon kansa.

Kawu ya yi shiru, sannan ya kawo maganar BDRN. Yana saurayi lokacin da wannan bankin raya ƙasa na Nijar ya durƙushe bayan kuɗin uraniyum sun ja baya, bashin da aka bayar ya ƙi dawowa, har aka rufe shi a 1990 aka kafa SONIBANK a gurbinsa. Ya ce ya san dattawan da suka yi ta zarya a kan kuɗinsu. "Su ma gininsu ya fi na kowa kyau a Yamai," in ji shi. Ban ce masa bankinsa yana kan wannan hanya ba, don takardun ba su nuna haka ba: yana sama da layi, ya ci riba a shekara mafi wuya, kuma ya riƙe ta. Sa ido na yau ma ya fi na wancan zamani tsanani nesa ba kusa ba. Ita hukumar Abijan ɗin a 1990 aka kafa ta, bayan faɗuwar bankuna da dama a yankin.

Ya taɓo kuma abin da ke damunsa tun 2016, wato halaccin cin ribar da ta fito daga kuɗin ruwa. Na ce wannan ya kai wa malamansa, su ne masu fatawa. Abin da ke fannina shi ne lissafin jari bai bar kowa ba, har bankin Musulunci sai ya riƙe jarin da zai sha asara kafin ya raba.

Tambaya ta biyu ta fi wuya. Sayarwa ba ta da sauƙi, domin bankinsa ba ya cikin kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, inda BOA Nijar ke ciki kuma ake ganin farashi kowace rana. Nasa sai an nemi mai saye, kuma mai saye a shekarar da ba a raba riba ba farashin wulaƙanci zai taya. Na kuma nuna masa cewa ribar da aka riƙe ba ta ɓace ba. Tana cikin jarin da yake da kaso a ciki, in aka mai da ajiyar ta zama jari ana iya ba shi ƙarin hannun jari ba tare da ya biya ba. Game da zuba sabon kuɗi na ce kada ya yi gaggawa, kuma kada ya taɓa jarin albasa. In sun zo, ya nemi su faɗa masa da baki ma'aunin ƙarfin jari na shekara 3 a jere da tazararsa da 11 da rabi, kaso nawa na bashin da ya ruɓe aka riga aka ware wa tanadi, da kuma abin da za a yi da sabon kuɗin: cike ramin tsohon bashi, gama gini, ko ba da sabon bashi. In amsar ta zo da kwana-kwana, ya riƙe kuɗinsa.

Ya zaɓi ya tsaya yadda yake. Kuɗin takin manoma na wannan shekara ya fitar da su ne ta hanyar buɗe rudu ɗaya da wuri, ya sayar kafin farashi ya kai inda yake so, kuma ya ji zafin hakan. Ya sa aka rubuta mini takardar wakilci in halarci taro na gaba a madadinsa, tunda ina Yamai.

Da la'asar, ina mayar da rahotannin cikin leda, ya ce in dakata. Ya ɗauki na 2023, ya ce in sake karanto masa ma'aunin jarin wannan shekara da layin doka. Na karanto. Ya rubuta su biyun da ajami a kusurwar sama, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ya ce in na shekara mai zuwa ya fito in kira shi in faɗa masa nasa.